Kofin shayin da ya sa mota ta bar mu a Agadez

Ana idar da sallar asuba muka bar Fachi, ni da Inna, a bayan wata motar gishiri. Gyambon da ke ƙafarta ne ya fito da mu. Ya ƙi warkewa, kuma likitan garinmu ya ce a auna jininta a Agadez tun ba a kai ga maganar yankewa ba.

Hanyar Tenere babu abin kallo sai rairayi. Mota ta kafe, mu sauka mu tura, ta sake kafewa. Direba ya tsuga mana kuɗi, wai mai ya yi tsada, ga shi ba ya sauri sai wajen cin taguella, gurasar nan da ake gasawa cikin toka. Ni dai zama ya gagare ni, kowane tsayi sai na buɗe tsumman ƙafar na duba.

A Agadez gidan surukina muka sauka. An gaya mana kada Inna ta sa komai a baki kafin awo, amma da safe sai ga dattijon da kansa ya haɗo shayi, sukari har yana danƙo, ya miƙa mata. Inna ta dube ni, na sunkuyar da kai. Wa zai mayar da hannun suruki? Ta shanye tas.

A labo, wato ɗakin awon, matar da ke ɗibar jini ta tambaya ko ta sa wani abu a baki, Inna ta faɗi gaskiya.

"Sai gobe ke nan, Inna," in ji ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don motarmu da la'asar za ta juya. Ina ta kai da kawo a bakin ƙofa, sai matar ta ce in zauna, ina sa mata jiri. Ta nuna mana wata tsohuwar fitila da siraran kwalabe cikin kabad. Ta ce kafin injuna, fitsari ake tafasawa da wani shuɗin ruwa, in ya koma ja kamar jan bulo, to akwai sukari. Can da kuwa, likitocin Turai da harshe suke ɗanɗanawa.

"Allah ya raba mu da aikin likita," in ji Inna. Ranar ta fara dariya tun fitowarmu.

Muka bar mota ta tafi. Washegari na tsare ƙofar ɗakin Inna har muka fita. Awo ya nuna sukari ya hau sosai, amma likita ya ce ƙafar za ta tsira in ta zauna a yi mata magani.

Ni kaɗai na dawo Fachi, a motar da na samu daga baya. Abin da na koyo shi ne kunya ma tana iya cin ƙafar mutum. Kafin in taho na je na durƙusa gaban surukina, na roƙe shi ya daina ba Inna shayi.