Tulun Mama Esther a Jikin Atamfa

Duk wanda ya san Unguwar Boro ya san ɗan shagon Hadassah, kusa da mai gyaran janareta, inda take zana allon shaguna, katin biki da fastar taron coci a kwamfuta. Aiki yana shigo mata, tana ci tana sha, ba ta roƙon kowa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: mahaifiyarta, Mama Esther, ba ta taɓa faɗin sunan sana'ar nan a gaban mutane ba.

Ba kuwa mugunta ba ce. Marigayi baban Hadassah, mutumin Filato, a masaƙar Kakuri ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a sashen buga launi. Da masaƙa ta rufe, ya wayi gari ga gwaninta a hannu, babu mai nema. Tun daga nan Mama ta ƙudura 'yarta nas za ta zama. Ina! Hadassah tun tana firamare babu littafin da ya tsira, bayan kowane shafi ko fure ko fuskar malami. Ranar da ta ce zane za ta karanta a kwaleji, Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Yarinya, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi." Ta bar ta ta tafi, amma ba da son ranta ba.

A cocinsu akwai al'ada. Ranar bikin Zumuntar Mata kowace uwa takan miƙe ta gode wa Allah, ta ambaci 'ya'yanta da aikinsu. Wannan ta ce lauya, waccan ta ce soja, a rangaɗa guɗa. In an zo kan Mama Esther sai ta ce, "Hadassah tana nan, tana ɗan taɓa kwamfuta," ta zauna da sauri. Ɗan taɓa kwamfuta! Sai ka ce karambani take yi. Abin yana yi wa Hadassah ciwo ƙwarai.

Bana sai Mama Lizzy, shugabar Zumunta, ta leƙo shago. Ta ce sun gaji da atamfar kasuwa, suna son a buga musu tasu ta kansu. "Ki sa mana kurciya da furanni, 'yata."

Hadassah ta ce, "Mama, ai wannan kowa na da shi. Ki bar ni in gwada wani abu, in bai yi miki ba in sake."

Tulun kiɗa ta zana, wanda mata ke dukan bakinsa da soso in ana waƙa. Ba kowane tulu ba, na mahaifiyarta, wanda ta yi shekara da shekaru tana bugawa a gaban mawaƙa: bakinsa ya ɗan guntule, wuyansa ɗaure da jar roba. Haka ta jera shi cikin shuɗi da ruwan ƙwai. Mama Lizzy ta gani, ta yi dariya, ta ce kada a faɗa wa kowa.

Da aka kawo atamfa aka warware a harabar coci, wata ta kwarma ihu, "Jama'a, ai tulun Mama Esther ne! Ga ma robar nan!" Mata suka yi caa. Mama Esther ta ɗaga turminta zuwa haske, ta murza launin da yatsa yadda mijinta yakan yi, ta ninke.

Ranar biki Hadassah tana zaune can baya. Coci ya cika da tulun nan, ko'ina ka duba shi ne. Da aka zo kan Mama, ta miƙe ta gyara ɗaurinta, ba ta yi saurin da ta saba ba.

"Na gode wa Allah saboda Hadassah," in ji ta. "Mai zane ce. Karatunsa ta yi. Wannan da ke jikinku aikinta ne." Ta shafa atamfar. "Hannun babanta ne. Na zaci ya tafi da shi."

Guɗa ta tashi. Hadassah ta sunkuyar da kai, tana murmushi tana share ido.