Motar Riƙo

Sunansa na yanka tuni ya ɓace a bakin mutane, sai dai a katin shaida. Kowa Sai Gobe yake ce masa, saboda duk wanda ya kai mota garejinsa, ko fulogi ɗaya za a canza, amsar da zai samu ke nan. Kuma ba lalaci ba ne. Mutum ne da ba ya iya sakin aiki sai ya kwana da shi a ransa, ya dawo da safe ya sake kasa kunne. Masu gaggawa duk suka gudu wurin 'yan zamani masu na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Masu haƙuri suka zauna da shi, su kuwa ba su taɓa yin yawa ba.

Su biyu ne a wurin mahaifinsu, shi da Yaya. Yaya aka sa a makaranta, shi kuma aka kai shi gareji yana ɗan shekara goma sha ɗaya, wai kansa ba ya ja. Kan nan da ba ya ja shi ne yake tsayawa a bakin titi ya gaya maka silinda ta nawa ce ba ta ci a motar da ta wuce. Amma a gidansu wannan ba ilimi ba ne, baƙin mai ne kawai a farce. Da mahaifinsu ya rasu Yaya ne ya tsaya masa, ya yi masa aure, ya sama masa filin da ya kafa garejin. Sai Gobe bai taɓa mantawa ba, Yaya ma bai taɓa bari ya manta ba.

Lokacin da kwangila ta fara karɓar Yaya, ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera, mai dogon hanci, silinda shida a jere. Don gudu aka ƙera ta, shi kuwa don a gan shi ya saye ta, bai taɓa wuce giya ta uku ba. Sai Gobe ne yake yi mata komai, amma tuƙinsa bai wuce daga bakin gareji zuwa kan ramin duba mota ba, daga rami kuma zuwa bakin gareji. Ya san abin da ke cikinta ciki da bai, ya san akwai wata murya da injin nan zai fitar in aka take shi har ƙasa, wadda ba wanda ya taɓa ji. Burinsa ke nan a duniya, kuma in ka duba ba wani babban abu ba ne: wata rana ya hau titin bayan gari shi kaɗai, ya take totur har ƙasa, ya ji muryar nan yana zaune a ciki.

Yaya ne ya kashe ta da hannunsa. Ya tuƙa ta ba ruwa a lagireto har injin ya kama, sannan ya zage ta tas, ya ce dama motar banza ce, ya sayi jif. Shekara goma sha biyu ta yi a gindin mangwaron gidansa. Kaji suka yi ƙwai a kujerar baya, ɓeraye suka cinye wayoyi, tsatsa ta huda ƙasanta har kana iya hango ciyawa ta inda direba ke sa ƙafa. Ranar da Yaya ya tashi yin gini a wurin, sai ya aika aka kira ƙanensa. Su biyu ne kawai a tsaye, Yaya yana duba agogo.

Ya ce, "Zo ka ɗauke wannan gawar ka riƙe, ta tare mini wuri."

Sai Gobe ya yi godiya har da durƙusawa. Da igiya aka jawo ta, ya sa aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwanon da ke jikin gidansa, ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Matarsa tela ce, kekenta a bakin tagar da ke kallon rumfar. Mace ce mai auna magana yadda take auna yadi. Ta sa ya maimaita mata abin da Yaya ya faɗa, kalma da kalma, sannan ta tambaye shi ko riƙe aka ce ko na ba ka. Ya ce ai tsakanin wa da ƙane duk ɗaya ne. Ta ce ba ɗaya ba ne, ɗan riƙo in ya yi ƙashi gidan ubansa yake komawa, ya je ya karɓo takardun motar tun tana gawa, tun ba mai so. Ransa ya ɓaci. Shi zai je ya tsaya gaban mutumin da ya yi masa aure ya ce a ba shi takarda, kamar bai yarda da shi ba? Ya ce mata ta yi ta kanta da zarenta, in motar ta tashi zai kai ta Yaya ya gani, a lokacin maganar takarda za ta zo da kanta. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da taka kekenta.

Shekara tara ya yi a kanta. In ya rufe gareji da la'asar, sai ya buɗe wani a gida. Ya kwance ta kaf, har ba abin da ya rage sai ƙwarangwal a kan bulo. Kowane noti da ƙusa ya sa shi a gwangwanin madara ya rubuta inda ya fito, da irin rubutunsa da ba mai iya karantawa sai shi. Ya yanke ƙasan da ya ruɓe ya yi waldar sabon ƙarfe. Ya bi 'yan gwangwan layi layi yana tonon tarkace, har suka san shi, in sun hango shi sai su fara dariya suna cewa ga mai ta da matattu. Wata fitilar baya guda ɗaya sai da ya shekara biyu yana nemanta, ƙarshe ya same ta a jikin wata mota da aka mayar kejin tattabaru.

Kuma bai tsaya a mayar da ita yadda take ba. Yana ganin waɗanda suka ƙera ta ma sun yi mata rowa. Ya kai injin wurin masu yankan ƙarfe aka buɗa ramukan fistin, ya cire kafireta ɗaya ya sa biyu, ya sa lagireto babba don kada abin da ya kashe ta ya sake samunta. Birkin baya ya canza shi da na zamani, ya ce mahaukaci ne kawai yake ƙara wa mota gudu bai ƙara mata tsayawa ba. Salansar hayaƙi kuwa da hannunsa ya lanƙwasa ta, ya yanke ya sake har sau uku don sautin bai yi masa ba. Mai fenti sai da ya rantse ba zai ƙara yi masa aiki ba, saboda ja huɗu ya haɗa ana ce masa ba shi ba ne. Kujerun kuwa matarsa ce ta ɗinka, tana yi tana mita, allura uku ta karya a kan fatar.

A cikin shekarun nan 'ya'yansa mata biyu suka yi aure, gemunsa ya yi fari, idonsa ya fara neman tabarau. Yaya sau ɗaya ya leƙo rumfar, a shekara ta biyar, ya ga ƙarafa a baje, ya yi dariya ya ce har yanzu ana fama. Sai Gobe ya buɗe baki zai yi maganar, sai ya ga ai motar ko taya ba ta da shi, da wane ido zai roƙi takardar abin da ba ya motsi. Ya bari sai ta tashi.

Ta tashi wata Asabar da hantsi, a bugu na biyu. Ya zauna a ƙasa kusa da tayar gaba ya yi kuka, bai ɓoye ba. Amma sabon inji ba a take shi. Sai an lallaɓa shi kilomita dubu, a hankali, ƙarafan su saba da juna, sannan a zubar da man farko a sa sabo. Wani bakaniken zai yi ɗari biyu ya ce ya isa. Shi kuwa ya manna ɗan jan tef a gilashin agogon inji, ya yi wa kansa doka cewa allura ba za ta wuce nan ba sai dubun ta cika. Kullum da yamma yakan zaga da ita ta bayan unguwa, inda ba a tambayar takardu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur suna wuce shi suna yi masa ba'a. Yakan ce sannu ba ta hana zuwa. Sauran karin maganar ne yake mantawa, inda aka ce sai dai a daɗe ba a je ba.

Ya yi kilomita ɗari takwas Yaya ya kwanta ciwo. Sai Gobe ya lulluɓe motar da tamfol ya koma zaman asibiti. Wata rana da azahar, ɗakin ba kowa sai su biyu, Yaya ya kama hannunsa ya tambaye shi ko akwai wani abu a tsakaninsu da yake so a warware. Maganar ta zo har kan harshensa. Sai Gobe ya dubi robar da ke hancin ɗan'uwansa, ya ji in ya ambaci mota a wannan hali ya zama ƙaramin mutum har abada. Ya ce ba komai, Allah dai ya ba shi lafiya. Bayan kwana shida Yaya ya rasu. Wata biyu cur tamfol ɗin bai ɗaga ba, don yana jin nauyin a gan shi cikin jar mota ɗan'uwansa bai daɗe da kwantawa ba.

Babban ɗan Yaya ma'aikacin banki ne, mai ladabi, irin ladabin da ba ya barin ƙofa ko ɗaya a buɗe. Wata safiya abokinsa ya sauke shi a ƙofar gidan, da farar ambulan a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baffansa, ya gaida matar, ya sha ruwa. Sannan ya ce suna tattara abin da marigayi ya bari, sun ga takardun wata mota a durowa, an ce tana nan. Ya nemi ya gan ta. Da aka yaye tamfol ɗin sai ya zaga ta sau biyu, ya ciro waya ya ɗauki hoto. Ya ce irin waɗannan yanzu nemansu ake yi ruwa a jallo.

Ya ce, "Baffa, lokacin da Baba ya ba ka ita, me ya ce?"

Ba wanda ya ji abin da aka faɗa a gindin mangwaron nan, mai faɗar kuma yana ƙasa. Keken ɗinkin da ke bakin taga ya tsaya. Sai Gobe ya san kalmar da za ta bar masa motar, gajera ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma mutumin da bai taɓa mayar wa mai mota tsohon fulogi ya ce sabo ne ba, ba a wannan shekarun zai koyi abin ba.

Ya ce, "Cewa ya yi in ɗauke ta in riƙe."

Ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce to ka ga riƙo ne, Baffa. Ya ce da tasa ce shi kaɗai da ya bar masa, amma akwai ƙannensa ƙanana, haƙƙin marayu ne, kuma yau da la'asar manya za su zauna, ana so komai ya hallara. Ya ƙara da cewa za a duba wahalar da ya sha. Sai Gobe ya ce ba ya so a duba masa komai. Abin da ya fi ƙona shi, bai san wanda zai ji haushi ba. Yaron bai yi ƙarya ba. Kura ce dai ta sha bugu, gardi ya zo karɓa da sallama.

Sai Gobe ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin. Ɗan ya zauna ya murɗa ya murɗa, ta ƙi tashi, sai da Baffan ya sunkuya ta taga ya nuna masa yadda ake taka totur sau biyu a saki kafin a murɗa. Ya nuna masa jan tef ɗin, ya ce don Allah kada allura ta wuce nan sai an ƙara kilomita ɗari biyu, sannan a canza mai. Ɗan ya ce in sha Allahu, idonsa yana kan sitiyari.

Motar ta fita a hankali ta bi layin, tana kauce wa ramuka, ta sha kwana ta ɓace. Daga kwanar zuwa inda kwalta ta fara ba nisa. Sai Gobe yana tsaye a bakin rumfar da tamfol a hannu ya ji an sauke giya, an take ta har ƙasa.

Muryar ta taso ta cika unguwar, mai kauri daga farko, sannan ta yi sama ta miƙe, silinda shida suna ci kamar ɗaya. Mai shagon kan kwana ya fito yana leƙe. Sai Gobe ya karkata kai yadda ya saba in yana aiki, ya rufe ido, ya bi ta giya bayan giya. Laifi yake nema. Yana roƙon Allah a ransa ya ji ko tari ɗaya, ko wani ɗan ƙara a ƙasa, abin da zai sa gobe a dawo masa da ita gyara. Ya saurara har sautin ya ƙare, bai ji ba.