Badukun da Ya Ɗinke Littafin Baba

Ni Asabe, Kirista ce haifaffiyar Wusasa, kuma ban haɗa ko kakan kaka da Malam Ashiru baduku na Limancin Kona ba. Amma duk ranar da na durƙusa addu'a sai sunansa ya fito a bakina, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A zauren da yake aiki aka yi masa suna, a nan kuma ubansa ya danƙa masa basilla. Bai yi boko ba, sai allo da littattafan zaure. Aikinsa gafaka da bangon littafi, da jar fata mai laushi. Da jakunkunan roba suka cika kasuwa, abokan sana'arsa suka koma takalma, shi kuwa ya ce ya tsufa da sauya sheƙa. Ba ya taɓa littafin da ke da sunan Allah sai da alwala. Ga tsokana, ga goro kullum a kunci. Matarsa Inna Mero takan ce da a ce da surutu ake ɗinki, da ya yi wa ganuwar Zazzau riga.

Abin da ya kai ni wurinsa rigimar gidanmu ce. Babanmu, Malam Yakubu, tsohon mai wa'azi ne. Kakanninsa suna cikin mutanen da suka yi ta jiran Annabi Isa tun kafin mishan su zo, shi ma ya sa a ransa da idonsa zai ga dawowar Almasihu. Yayana Bahago kuwa ya yi karatun tauhidi, har aka sa shi cikin masu duba sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki. Shi cewa yake ba wanda ya san ranar, kuma dole a rubuta maganar Allah da Hausar da matasa ke ji. Baba ya ce sun tsame gishirin annabci, sun bar ruwa. Wata Lahadi Yaya ya hau ya yi karatu da sabuwar fassarar. Baba ya miƙe tsakiyar majami'a, ya dogara sandarsa ya fice. Daga ranar ko gaisuwar Yaya ya daina amsawa. Ga Baba ciwo ya fara cinsa, ido ya tafi. Tsorona ɗaya ne: kada a kai shi kabari yana fushi da ɗansa.

Ana cikin haka damina ta yi mana aika-aika. Kwano ya yi yoyo a kan tsohon Littafin Baba, bango ya ruɓe, ɗinki ya saki. Wajen Ishaya da Daniyel, inda ya fi karantawa, duk ya warwatse, kan shafukan, inda lambobi suke, ya jiƙe ya goge. Masu buga littattafai a Sabon Gari suka ce in sayi sabo kawai. Sabo! Ai gara in ce wa Baba in sayo masa sabuwar uwa. Wani ɗan acaɓa ne ya ce in gwada zauren Malam Ashiru a cikin birni.

Na shiga ta Ƙofar Doka, littafi a ƙunshe cikin zane. Na yi sallama na durƙusa, na faɗi ko littafin mene ne tun kafin ya tambaya, don kada a ce na yi rufa-rufa. Malam Ashiru ya dube ni, ya tashi ya shiga gida. Na ce shi ke nan, an kore ni cikin mutunci. Ashe alwala ya je yi.

Ya dawo ya buɗe ƙunshin a hankali. Ya ce, "'Yata, wannan littafi ya ga hannu. Mai shi yana raye?"

Na ce, "Yana nan, Baba Malam, sai dai ba ya gani."

"To, ni ba na karanta boko. Kuma a gidan nan ba ma ɗinka littafin Allah da ka, kada mu sa gaba a baya mu ɗauki alhaki. Mai littafi yakan zauna nan, a jera a gabansa. Ke za ki iya jerawa?"

Na ce ina! Ni da ko jerin ƙananan annabawa sai na leƙa. Yaya kaɗai ne zai iya, kuma ba sa magana da Baba. Ban san lokacin da na kwashe labarin duka na faɗa masa ba, har da hawaye.

Ya tauna goronsa ya ce, "Ikon Allah. Mu ma ai muna jiran saukowar Annabi Isa, alaihissalam. Amma ni a sanina, mai jiran babban baƙo share gida yake yi, ba korar 'ya'ya ba. Kawo min su. Ki ce baduku ya ce in ba su zo tare ba, ba ɗinki."

Don littafinsa Baba ya yarda. Ranar farko ya zauna a buzu ya juya wa Yaya ƙeya. Yaya ya ɗauki shafi ya karanta layin ƙarshe, yana laluben na gaba. Sai Baba, ba tare da ya juyo ba, ya ƙarasa ayar da ka. Yaya ya gano shafin ya miƙa. Ba a jima ba gardama ta tashi a kan wata aya, wannan na cewa ga abin da annabi yake nufi, wancan na cewa a'a. Malam Ashiru ya ce, "Madalla, ashe kuna da baki! Mero, kawo fura, malamai sun fara karatu."

Kullum ɗan kaɗan yake ɗinkawa, sai ya ce bayansa ya gaji, ko fata ba ta sha mai ba, a dawo wani makon. Har na fara jin haushinsa, na ce tsohon nan akwai nawa. Maƙwabta ma sun yi ƙunƙuni kan yana tara Kiristoci, ya ce musu zaurensa ne. Haka muka yi ta zarya har kaka. Ba wanda ya ci gardamar, don har yau Yaya na kan aikinsa na fassara, Baba kuma bai taɓa cewa sabuwar ta yi ba. Amma wata rana da muka tashi, sai Baba ya miƙa hannu ya ce, "Bahago, kama ni." Na juya fuska don kada su ga ina kuka.

Ranar da na je karɓar littafin, Inna Mero ta ja ni cikin gida tana dariya. Ta ce, "Ke 'yar nan, aikin da yake gamawa tsakanin Juma'a da Juma'a ne fa. Bangon nan tun makon farko yake rataye a ɗakina."

Baba ya rasu kafin Kirsimeti, kansa a cinyar Yaya, ana karanta masa Ishaya daga littafinsa mai sabon jan bango. Malam Ashiru ya zo gaisuwa har Wusasa, ya zauna cikin dattawan majami'a. Na durƙusa na yi godiya. Da ƙyar na ce, "Baba Malam, bai ga wanda yake jira ba."

Ya ce, "Wannan na Allah ne, 'yata. Amma ɗansa ya dawo, kuma ya same shi a farke."