Gyare da Butar Kakana

Ranar Larabar da ta wuce, da ƙarfe bakwai da rabi na yamma, mu huɗu ne a tsakar gidana a Kalgo: ni, da mai ɗakina, da jikokina biyu, mace da namiji, waɗanda suka zo mana daga Birnin Kebbi. Na dawo daga sallar magariba ke nan. Kwana biyu kafin nan an yi ruwa mai kyau, ƙasa tana ta ƙamshi. Sai wani kuka ya tashi daga bayan katanga, siriri, mai kaifi, ba ya yankewa. Namijin ya toshe kunnensa ya ce, “Kaka, wayar lantarkinku ta lalace.”

Mai ɗakina ta yi dariya har ta saki maficinta. Ni ban yi dariya ba. Jinin manoma, a ce bai san kukan gyare ba. Don haka na zaunar da su na ba su labarin da zan ba ka yanzu, daki-daki, yadda ya faru.

Da farko ka san gyare. Ƙwaro ne mai kaurin babban yatsa, ruwan ƙasa, mai ƙaton kai da ƙafafun baya masu ƙaya. A rami yake zama, cikin jigawa. Duk tsawon rani ba ka jin ɗuriyarsa. Amma da zarar ruwa ya sauka ƙasa ta yi taushi, sai ya bayyana ko'ina. Da magariba namijin gyare yana zama a bakin raminsa ya yi ta rera kuka. Da safe kuwa, ɗan tsibin sabon yashi za ka gani a inda ya rufe ƙofarsa. Mu yaran wancan zamani, wannan tsibin yashi shi ne bushara. Gasasshen gyare da gishiri da garin ƙuli, ban ci abin da ya kai shi daɗi ba ina yaro.

A wani ƙauye kusa da Dodoru na tashi, a ƙasar Gwandu, a gidan kakana na wajen uba. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai son komai a wurinsa. Kalmensa na noma yana da inda ake jingine shi. Butarsa ta alwala tana da inda ake ajiye ta, kuma ba mai taɓa ta. Kakata kuwa 'yar Kalgo ce, gajera, mai baki, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ni take kira maigida, wai ni ne mijinta na gaske, tsohon riƙo kawai yake yi mini.

A shekarar da nake faɗa, an hana mu shiga gonar kakana. Laifinmu ne. Daminar da ta gabata mun je haƙar gyare, muka bar masa ramuka ko'ina, muka tuge gero da yawa, har jakinsa ya zurma ƙafa ya yi mako biyu yana ɗingishi. Tun daga ranar ya ce duk yaron da ya gani a gonarsa da kalme, shi da tsumagiya.

To, daminar ta zo da wuya. An yi ruwan farko ya shuka, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone. Aka yi na biyu ya sake shukawa, da irin da ya rage duka. Wannan ta fito da kyau, kore shar. Sai gyare ya sauka mata. Shi gyare yanke ƙaramin gero yake yi daga tushe ya ja ganyen cikin raminsa. Kowace safiya kakana zai je ya tarar da gurabe babu komai. Kuma babu sauran iri a rumbu ko na cikin tafi. Idan wannan shuka ta tafi, hanya ɗaya ta rage: ya hau jaki ya tafi Kalgo ya roƙi iri wurin ƙannen matarsa. Mutumin da bai taɓa roƙon ko allura ba, kuma ya san ƙannen nan za su ba shi, amma za su yi shekara goma suna yi masa tsiya a kowane suna da biki.

Wata safiya ya dawo daga gona ya zauna a zaure, ya ƙi taɓa furar da aka kawo. Kakata ta leƙo.

“Malam, a ɗaura ma jaki akumari? In aika gaisuwa gida.”

“Ba inda za ni.”

“To zauna. Ga ka da runduna cikin gida tana cin tuwonka a banza, ka hana ta yaƙi. Kai ka tsufa, gyare ya raina ka. Bar maigidana shi shiga.”

Bayan la'asar ya sa aka tara mu, jikoki da 'ya'yan maƙwabta, ya tsaya a gabanmu da sandarsa, ya kafa mana doka huɗu. Har yau ina iya jero su. Ta ɗaya, kowa da kunyarsa, wato layin shukarsa, ba mai tsallakawa ta wani. Ta biyu, ramin da ke rufe da sabon yashi shi ake haƙa. Ramin da ke buɗe ba a sa masa hannu, don mai yiwuwa kunama ce ta gaje shi. Ta uku, duk ramin da ka haƙa ka cike shi ka take da ƙafa. Ta huɗu, wanda ya tuge gero ko ƙwara ɗaya, ya fita, kuma kowa ya fita tare da shi.

Washegari bayan sallar asuba muka fita. Ba yara kaɗai ba. Innata ta zo, da matar baffana, da gwaggona da goyonta, kowa da ƙoƙo ko gora. Raɓa tana jiƙa mana ƙafa, yashi da sanyi. Tsibin gyare kuwa, duk inda ka duba ga shi. Yadda ake yi: ka share yashin da hannu har ƙofar ta bayyana, ka zura siririn kara don kada hanyar ta ɓace maka, sannan ka bi karan da kalme a hankali. Wani ramin ya kai kamu biyu. A ƙarshe sai ka ga ƙafafun nan masu ƙaya suna harbi. Ka kama shi ta baya, ka karya ƙafar, ka jefa a gora. Gonar ta cika da surutu. Wannan na cewa nasa ya fi girma, waccan na cewa tata mai ƙwai ce. Matar baffana, wadda ta ce rakiya kawai ta zo, ita ta fi kowa kamawa.

Da hantsi ya yi aka tafi da abin da aka samu gida. Ni na tsaya, don kunyata ba ta ƙare ba, kuma ba na son barin aiki rabi. Abin da ya tsayar da ni shi ne ramuka bakwai da suke daidai gindin gero. In na haƙa, na tuge shukar, an kori kowa ta dalilina. In na bari, kafin gobe gyaren ya yanke ta. Na tsuguna a nan har rana ta take, ina kallon yashi.

Sai idona ya kai gindin gawon da ke bakin gona. Kakana yana can nesa yana duba kunyoyin da aka gama. A gindin gawo ga butarsa, cike da ruwa, tana jiran azahar. Na taɓa ganin yadda ruwan sama yake koro ƙwari daga rami. Ban yi dogon tunani ba. Na ɗauko ta, na share bakin rami na farko, na tsiyaya. Ruwa ya shige. Na ƙara. Sai ga kai ya leƙo, gashin bakinsa a jiƙe, ya fito da kansa kamar an kira shi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai butar ta ƙare tas.

Ina cikin murna na ji inuwa a kaina.

“Wa ya taɓa butar nan?”

“Ni ne, Kaka.”

“Da mi zan yi alwala?”

Rijiya tana can cikin gari. Ya ɗaga butar ya girgiza, ya dube ni, ya dubi sandarsa. Sannan ya sunkuya ya dubi geron. Ya taɓa na farko, yana nan daram. Ya bi har na bakwai, yana taɓawa, ba wanda ya motsa. Na miƙa masa gorata ya leƙa.

“Ɗauki butar,” in ji shi. “Ka tai rijiya da gudu, ka dawo da gudu. In azahar ta riga ka, ni da kai ne.”

Na riga ta.

Da la'asar tsakar gida ta cika da hayaƙi da ƙamshi. An cire hanji da fiffike, an wanke, manyan an jera su a tsinke an ɗora kan garwashi, sauran kakata ta zuba a kasko. Maiƙonsu kaɗai ya isa, ba a sa mai. Aka barbaɗa gishiri da yaji da garin ƙuli, aka raba ƙoƙo-ƙoƙo, har maƙwabta. Kakana ya shigo ya tsaya, ya ce a saurara, akwai doka ta biyar: ramin da ke gindin shuka ba a haƙa shi, ruwa ake zuba masa, kuma kowa ya zo da ruwansa daga gida. Bai dube ni ba.

Kakata ta miƙa masa tsinke guda. Ya ce wannan abincin yara ne da mata.

“Ci dai, Malam,” ta ce. “Geronka ne suka ci, kuma da ruwan alwalarka suka yi wanka. Ba wanda ya kai su tsarki.”

Ya karɓa ya fita zaure da shi. Da na je ɗauko tabarma, tsinke ne kawai na tarar.

Kwana shida muka yi muna fita. Geron ya tsira, ban da guraben da aka riga aka yanke, waɗanda daga baya aka cike da dashe. Jakin bai je Kalgo ba sai bayan kaka, kuma da damin gero biyu ya je, kyauta ga surukai. Kakata ta ce ba ta taɓa ganin kyautar da aka kai da girman kai irin wannan ba.

Yanzu su duka sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ni kuma zama ya kawo ni garin da tsohon ya ƙi zuwa roƙo. Gonaki yau feshi ake yi musu, kuma ban ce laifi ne ba, shuka tana tsira. Sai dai kukan ya ragu, kuma wanda aka fesa wa magani ba a cin sa. Bayan katangata fili ne da ba a nomawa, shi ya sa gyare ya samu wurin zama.

Ranar Alhamis da ƙarfe shida da kwata na tashi jikokin nan biyu na kai su filin. Na jero musu dokokin, duka biyar. Namijin ya ja baya da ya ga ƙafafun suna harbi. Macen ce ta kama, ta ƙi saki. Guda tara muka samu. Da aka gasa, wanda ya ja baya shi ya ci biyar.

Roƙona gare ka ɗaya ne. Idan ka ji kukan nan bana, kada ka bari ya wuce. Ka nemi filin da ba a yi wa feshi ba, ka tashi yaran gidanka da sassafe, ka nuna musu tsibin yashi, ka koya musu bambancin rufaffen rami da buɗaɗɗe. Ku cike duk ramin da kuka haƙa. Kuma ku tafi da ruwanku, kada a taɓa butar tsoho.