Murɗin Hagu

Mijina maƙerin farfaru ne a Ruma. Shi ke jan tagulla ta yi siriri, ni ke murɗa ta zobe. Ni bahaguwa ce, murɗina hagu yake bi, ba mai irin hannuna.

Shekarar da mahara suka ɗauke 'yata a bakin rijiya, da zobena a yatsarta ta tafi. Na shiga bin kasuwanni har Runka ina kallon hannun mata. In ga murɗin hagu, in ɗaga kai in ga baƙuwar fuska. Ashe na cika ƙasar da zobba.

Yanzu idon ma ya tafi. Ko ita ce ta zauna gabana, sai dai in shafa in ce, wannan ma aikina ne.