Kai wa Barira Magani Bayan Kaita

Madawa

Na bar gida kafin kiran assalatu, da kwalin magani a aljihun gaban riga, na naɗe shi cikin leda saboda damina ce. Ni ɗan kasuwar albasa ne, hanyata kudu take, rabona da Kaita har na manta. Abin da ya tashe ni wayar ƙanwata Rakiya ce, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Kaita. Ba ta ja magana ba: "Yaya, wanga karo ka kawo da kanka. An bar ba ta. Kunnen ya koma ruwa."

Barira ɗiyarta ce, shekararta uku. Tun tana tatata ƙuraje suka cinye mata kai, kunne na zubar da ruwa, ciki ya kumbura. An sha maganin ƙaiƙayi, an sha na shawara, har dai aka tura su Yamai, aka yanki ɗan nama aka aika ƙasar waje. Likitar da ta duba ta ta ce ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, sunansa ma ya fi ƙarfin bakina. Waɗansu ƙwayoyin jini ne masu tsaron jiki suka lalace, suna taruwa inda ba a gayyace su ba, cikin ƙashi da fata da hanta. Ƙarin ruwan da aka fara da shi bai yi ba. Daga baya aka samo wannan, mai bin lalacewar nan ita kaɗai. Ana jiƙa shi a ruwa safe da yamma, ba a kan abinci ba. Likitar ta ja mana kunne cewa kwantar da ciwon yake yi, in aka bari yana iya tashi. Kowane wata kwali na isowa Madawa da sunana, ni kuma in ba direban Kaita.

Mai karatu zai ce me ya hana uwar ta ba ɗiyarta da hannunta. Barira ɗiyar fari ce. Daga yaye aka kai ta ɗakin kakarta, Inna Hajo, uwar mijin Rakiya. Rakiya ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta gaban mutane, balle ta shiga ɗakin surukarta ta ce ga yadda za a yi. Zaman asibiti ne kawai ya haɗa su, don tsohuwa ba ta iya mota. Mijin kuwa yana Abijan, bana ko noma bai dawo ba.

Motar hiyas ta Buza ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Jikka biyu ta sefa na biya, aka ba ni kujera da rabin buhun gishirin wani a kan ƙafata.

Buza

A shingen shiga gari jandarma ya karɓi katinmu, ya ga tudun aljihuna ya ce in fito da shi. Ya juya kwalin, ya karanta takardar likita a tsanake, sannan ya sassauta murya ya tambaye ni ko yana maganin ciwon baya. Na ce ba ya yi. Ya mayar mini kamar na hana shi da gangan.

Na sha hura a bakin tasha, mai kyau ce, ba su yi rowar nono ba. Motar Kaita a-kori-kura ce, direban wani siriri mai yawan rantsuwa. Ya rantse mini kafin azahar muna can.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da ƙorama ta kawo. Ruwa aka yi kan duwatsu da daddare, ga shi ya sauko ja wur, ɗauke da karan bara. Motoci sun yi layi gefe da gefe. Na tambayi direba yaushe za mu wuce, ya ce in tambayi ruwan. Nan muka yi azahar, nan muka yi la'asar. Wata mata ta kasa dafaffen wake ta sayar da shi tas. Ni dai ina zaune kan dutse raina a ɓace, ina lissafin cewa shan yamma ma ya wuce yarinyar. Sai dab da magariba wani ya shiga da sanda, ruwa ya tsaya masa a gwiwa, muka bi bayansa.

Kaita

Na kwana gidan wani abokin cinikina. Tuwon hatsi da miyar kuka, sauro kuma kamar an aiko su. Da asuba na ɗauki ɗan kabu-kabu mai babur, jikka ɗaya da rabi, muka haura dutse. Inda taɓo ya yi yawa ni ke sauka in tura, kuma bai rage mini ko dala ba.

Ƙauyen

Mun isa da hantsi, maza duk suna gona. Inna Hajo ta shimfiɗa mini tabarma ƙofar ɗakinta, muka gaisa gaisuwar surukai, doguwa. Barira na kwance a cinyarta, an toshe kunnen da auduga, ƙuraje sun fara dawowa a goshi. Rakiya ta kawo ruwa ta durƙusa ta ajiye, ko inda yarinyar take ba ta kalla ba, ta koma bayan zana.

Tsohuwa ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce yarinya ta miƙe, ta yi ƙiba, har tana korar kaji. Ta yanka akuya ta yi sadaka. Mai lafiya kuma ba a ɗura masa magani, kiran ciwo ne, kuma rashin godiya ne. Ga shi a ce kada yaro ya ci komai da safe sai an jira, yana kukan yunwa hura na gabansa, wannan ita ba ta iyawa. Ta jawo kwalin watan jiya daga ƙarƙashin gado, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta ce da an gaya mata ciwon na iya tashi da ba ta bari ba. Na san wadda ya kamata ta gaya mata, ita ma ta sani.

Na hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, na kira likitar. Ta yi tambayoyi, ta ce a koma ba ta yau, kuma a kawo ta Yamai cikin satin nan a duba jini da hanta.

Da na dawo na zauna jiƙa maganin, sai na ga ban san ƙwaya nawa ba, ban san ruwa nawa ba. Ni ɗan aike ne kawai. Murya ta fito daga bayan zana ƙasa-ƙasa tana gaya mini, ni kuma ina maimaitawa da ƙarfi ina cewa haka likita ta ce. Inna Hajo ta bar mu muka yi wannan wasan har ƙarshe. Da yarinya ta shanye ta dube ni.

"Ɗana, kwanakin da na hana, su sunka maido shi?"

Na ce komai na Allah ne.

"Na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Na ce eh, Inna, su ne. Ta shiga shafa kan yarinyar. Tausayinta ya kama ni, don duk garin ba wanda ya kai ta son Barira.

Komowa

Washegari da sassafe babura biyu na jira, mata sun taru yin sallama. Na miƙa hannu zan ɗauki Barira, kamar yadda aka saba, tsohuwa ta ture hannuna. Ta kira Rakiya ta ce ta duƙa. Rakiya ta tsaya kamar ba ta ji ba. Tsohuwa ta sake faɗa, sannan ta ɗora mata yarinyar a baya, ta kwance majanyinta ta ɗaure da hannunta, gaban kowa. "Kunyag ga ta ishe mu," in ji ta. "In kun komo, ɗakinki za ta kwana." Ta shige ɗaki, ba ta raka mu ba.

Ƙorama ta janye, jandarman shekaranjiya ba ya nan, mun shigo Madawa bayan la'asar. Motar Yamai sai gobe. Abin da gwajin zai nuna ba mu sani ba tukuna. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mai masaukina na Kaita, da mutumin nan mai sanda da ban san sunansa ba.

A ƙofar gida matata ta fito da gudu, ta kai hannu za ta sauke yarinyar don Rakiya ta huta, tun safe tana goye. Rakiya ta ja da baya, ta gyara majanyi.

"Bar ta," ta ce, "ba ta da nauyi."