Hannun Zuwaira Mai Ƙunshi

A da, in amarya ta fito a Kara-Kara ka ga ƙunshin ƙafarta ya kama kamar an zana da allura, ba sai ka tambaya ba, hannun Zuwaira ne. Har daga Gaffati da Zermu ake turo kabu-kabu ya ɗauke ta. Yau je ka gidanta ka gani. Lalle na nan a kwalla, ya bushe ya zama ƙasa.

Laifinta ɗaya: ta shiga aikin ɗigon shan-inna. Ta tashi tana tura keken wanta Safiyanu, wanda cutar ta shanye wa ƙafafu, don haka da majo, shugaban asibitin unguwa, ya nemi macen da ta san gida-gida, ba ta yi dogon tunani ba. Ita ke sallama, abokiyar aikinta ta ɗiga wa yaro magani a baki, ita kuma ta shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, alamar an yi masa.

Sai wani vokal, saƙon murya, ya fara yawo a waya. Wani ƙato da ba wanda ya san fuskarsa, wai ɗigon nan kashe mahaifa yake. Kafin ya zagayo unguwa an yi masa ƙari: ku dubi Zuwaira, tun yaushe take gidan Alkasum, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ba wanda ya tuna cewa rashin haihuwarta ya girmi aikin. Iyayen amare suka ce hannun da ke taɓa abin nan ba zai taɓa ƙafar 'yarsu ba. Mijin nata Alkasum direba ne, rabin rayuwarsa a hanyar Agadas. Sai gidan ya zama daga ita sai rediyo.

Mutum ɗaya ta rage mata, Ramlatu, aminiyarta tun suna tallar gyaɗa. Ita kaɗai ke shigowa ta zauna bakin gado.

Ana gobe za a fita zagaye, Ramlatu ta zo da la'asar, goye da 'yarta Zakiyya.

"Ke matar direba, gidan nan shiru kamar an yi gwanjon mutane."

"To ba ga ki kin zo da bakinki ba? Ya isa unguwa guda."

Suka yi dariya. Ramlatu ta sauke yarinyar, ta kamo ɗan yatsanta.

"Aminiya, alfarma na zo nema. Shafa mata tawadar nan kawai. Gobe in kun zo a ga an yi mata, a wuce."

"Ba ɗigon?"

"Ba ɗigon."

Zuwaira ta ɗauka Inusa ne, mijin Ramlatu, ya hana. Ta ce, "In tsoron Malam kike, abu mai sauƙi. A ɗiga mata, in shafa tawadar, in rufe da lalle har yatsu biyar. Ko shi ya haifi lalle ba zai gane ba."

Ramlatu ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar ɗankunne.

"Ba Malam ba ne. Shi ya ce ma in kai ta."

"To wa?"

"Ita kaɗai gare ni mace, Zuwaira. Ina so wata rana in goya nata."

Ba ta ɗago ba, amma Zuwaira ta ji inda maganar ta sauka. Ashe duk zaman nan bakin gado, da tausayi ake yin sa.

"Ba zan shafa ba," ta ce. "In na shafa, ba mai sake neman ta."

Ramlatu ta goya 'yarta. Ko rakiya ba ta jira ba.

Washegari da hantsi suka iso ƙofar gidan Inusa. Ana daka a ciki. Zuwaira ta yi sallama, tabarya ta tsaya cak. Ta sake yi. Ba amsa. Gidan da take faɗawa har ɗaka ba ta ko cire takalmi a zaure, yau ga ta tsaye a waje kamar mai tallar omo.

A aikin, kowane gida sai an bar alama da alli a bango. In aka rubuta ba sa nan, shi ke nan, sai wani zagayen. In aka sa sun ƙi, mai unguwa zai zo da kansa, kuma kowa zai san wadda ta rubuta.

Abokiyar aikinta ta gyara ratayar gilasiya, akwatin sanyin maganin, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, sa ba sa nan mu wuce. Gidan ƙawarki ne."

Daga ciki Zakiyya ta yi 'yar dariya, aka toshe mata baki.

"Suna nan," in ji Zuwaira.

Ta rubuta sun ƙi, da kyakkyawan hannun nan nata, ta goge alli a gefen hijabi, ta nufi gida na gaba.